Yadda Ofishinmu Ya Koma Sama

Ku zauna ku huta tukuna, na ga kuna haki. Matasa da ku, bene hawa ɗaya ya gajiyar da ku. Kuma na san tambayar da ke bakinku, don duk sabon ɗan sa-kai da ya zo mana ita yake fara yi tun bai gaishe ni da kyau ba: "Anti Asabe, yaya ƙungiyar da ke cewa tana kare haƙƙin kowa za ta kai ofishinta saman bene?" Tambaya ce mai kyau. Zan ba ku amsa, amma ta hanyata, don ban iya gajeren labari ba.

Da farko ku cire wa ranku cewa aikin nan riga ce mai rubutu a baya da hoto a waya. Na san abin da kuka gani ya jawo ku. Kun ga ana ɗaga kwali, ana tafi, ana raba shinkafa a roba. Sana'ata shirya taro ce. Tun ina budurwa nake tara matasa wuri ɗaya in sa su faɗi abin da ke damunsu, sannan mu ɗauki maganar mu kai wa wanda zai iya gyarawa, mu yi ta sintiri har ya gaji da ganinmu. A Unguwar Sarki na tashi, babana ma'aikacin gwamnati ne, kuma har ya rasu bai gane aikin ba. In aka tambaye shi me Asabe take yi, sai ya ce, "Jera kujeru take." Allah ya jiƙansa, bai yi ƙarya ba.

Ga kayan aikin nan a cikin kwali, ku duba. Maka, wato alƙalamin rubutu a takardar bango, baƙa da shuɗiya kawai. Ja da kore suna da kyau a hannu, amma wanda ke zaune a baya ba zai ga komai ba, kuma ba zai faɗa ba, shiru zai yi ya fara danna waya. Salatif na takarda, ba mai ƙyallin nan ba. Mai ƙyallin yana ɓare fenti, mai ɗakin taro kuma ba ya mantuwa. Ƙararrawa, don muryarki ba za ta kai azahar ba. Sai lasifika. Ita kam doka ɗaya gare ta: ba a sakin ta. Ki miƙa hannu, mutum ya yi magana, amma tana hannunki. Na taɓa sakar wa wani tsohon kansila lasifika a Doka don ya yi mana fatan alheri. Ya fara daga tarihin kakansa. Da aka kira salla bai kai ga babansa ba.

Wanda ya koya mini duk wannan shi ne Baba Ishaya. Mutumin kudancin Kaduna ne, tsohon malamin makaranta, kuma shi ya kafa ƙungiyar nan tun ana buga takarda da tafireta. Dogo ne, ba ya sauri, ba ya ɗaga murya. Aikin farko da ya ba ni shi ne in zaɓi ranar taro. Na ce wannan ai ba aiki ba ne, na ce Juma'a da rana. Ya dube ni. Na ce to Lahadi. Ya ci gaba da dubana. Asabar da safe akwai Islamiyya da ɗaurin aure, wata yammar akwai zumuntar mata a coci, 'yan mata kuma dole su shiga gida kafin magariba, masu zuwa daga ƙetaren gada ba sa son yamma ta yi musu a wannan ɓangaren. Na gama zagaye mako ban sami rana ba. Sai ya ce, "Yawwa, yanzu kin fara. Duk ranar da kika zaɓa, kin kori wani. Ki dai san wa kika kora, ki bi shi gida."

Ya daɗe yana sa ni ɗaukar kujeru kafin ya bar ni in taɓa lasifika. In ka jera su layi-layi kamar aji, mutum uku ne za su yi magana, duka maza, duka a gaba. In ka yi da'ira, 'yan mata za su ja nasu baya kaɗan-kaɗan har su koma bayan ginshiƙi. Teburin manyan baƙi kuwa, in da hali a manta da shi a mota. Manyan baƙin nan su ne rabin masu ba mu aiki: suna zuwa a makare, su buɗe taron da aka riga aka buɗe, su tafi kafin a faɗi abin da aka kira su su ji. Sauran rabin masu ba da tallafi ne. Su hoto suke so, kuma a hoton a ga mace, a ga mai sanda, a ga matashi yana nuna allo da yatsa. Ba mugaye ba ne. Su ma akwai wanda ke tambayarsu hoton.

Ginin nan da kuke ciki, da kango ne. Gwamnati ta gina shi a hanyar Mando ta manta da shi, awaki suka gaje. Matasan unguwa ne suka taso, muka tsaya musu, aka yi ta zarya ofis-ofis har aka gyara shi aka mai da shi cibiyar koyon sana'a. Aka yi biki, aka ci shinkafa.

Bayan nan aka lura 'yan mata ba sa zuwa. Iyaye sun ce ba za su turo 'ya'yansu su cakuɗa da samari masu walda ba. Hajiya Rabi, tsohuwar shugabar makaranta ce kuma ita ke jagorantar ƙungiyar matan unguwa, ta ɗaura ɗamara. Hajiya Rabi in ta sa abu a gaba, gara ka ba ta tun da wuri. Aka ware wa 'yan mata aji nasu a sama, da kekunan ɗinki, ba namijin da ke hawa sai da dalili. Ajin ya cika. Aka yi biki, aka ci shinkafa.

Sai Malam Garba, shugaban masu buƙata ta musamman na yankin, mai gyaran kekunan guragu a Doka, ya ce yaransa suna kallon cibiya daga waje saboda dakalin ƙofa. Muka sake ɗaukar kwali. Aka zuba gangaren siminti daga bakin ƙofa har cikin ajin ƙasa, inda samari ke koyon walda da gyaran waya. Shi da kansa ya fara gangarawa a kekensa a gaban mai hoto. Aka yi biki. Shinkafar wannan karon ta fi daɗi.

Duka ukun da hannunmu a ciki, kuma har gobe ina alfahari da su. Don a gode mana, manajan cibiya ya ba mu ɗaki ɗaya a ƙasa, ta baya, mai ƙofar kansa da ke fita lungu. Nan ne ofishinmu na farko da ba haya ba. Ya zo a kan kari, don lokacin gwiwoyin Baba Ishaya sun fara ba shi matsala, da sanda yake tafiya. Mai Keke Napep ya sauke shi a lungu, ya taka kaɗan, ya zauna a kujerarsa mai hannu. Tsohuwar kujerar katako ce da ya taho da ita daga makarantar da ya yi ritaya.

Sai muguwar shekara ta zo. Masu tallafi suka ce hankalinsu ya koma wata ƙasa. 'Yan sa-kai irinku suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai kyau. Janareto ya mutu, muka rufe shi da buhu. Takardun bango sai muka riƙa juya tsofaffi muna rubutu a baya, har wani lokaci matsalar bara tana leƙowa ta cikin ta bana, kuma sau da yawa iri ɗaya ce. Duk da haka Baba ya ce taron shekara ba zai fasa ba. Ba halin kama ɗakin taro, sai muka yi shi a harabar cibiya, da aron kujeru, da shayi ba madara.

To, a sana'ar nan akwai wata al'ada da duk mai shirya taro ya gada. Bayan an sha shayi, sai a kaɗa ƙararrawa a ce a rabu rukuni-rukuni. Matasa can, mata can, masu buƙata ta musamman can. Kowane rukuni a ba shi takarda da maka ya rubuto matsalolinsa. Dabara ce mai kyau, don mace ta fi sakin baki cikin mata, mai sanda ya fi sakin baki cikin 'yan uwansa. Haka aka koya mini, haka na koya wa wasu. Ranar na tura matasa gindin dogon yaro, mata inuwar bango, su Malam Garba kusa da tankin ruwa. Tsakiyar haraba ba kowa sai rana.

Akwai wata yarinya, Jummai, 'yar ajin ɗinki. Shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama, a keken guragu take yawo. Na san ta da gani da gaisuwa. Na kuma san malamarsu tana cewa duk ajin ba mai hannunta, da keken ɗinki na hannu take aiki amma layinta kamar an ja da rula. Abin da ban taɓa tsayawa na tambaya ba shi ne yadda take isa sama. Ashe yayanta Sani ne ke goya ta ya hau da ita kullum da safe, ya dawo da rana ya sauko da ita. Kuma Sani ya sami aiki a Fatakwal, ƙarshen wata zai tafi. Babansu ya ce ba namijin da ba muharraminta ba da zai ɗauke ta, kuma ba za ta zauna cikin samari a ƙasa ba. Ƙawayenta sun gwada ɗaukar ta sau ɗaya, saura ƙiris su gangaro gaba ɗaya. Ta gwada rarrafe da damina, ta isa aji da zane jiƙe da taɓo, ta ce ba ta ƙarawa. In Sani ya tafi, karatun ya ƙare ke nan, saura mata 'yan watanni ta gama.

Duk wannan daga baya na ji. Abin da na gani ranar shi ne ta tura kekenta zuwa gindin dogon yaro. Ta ɗan jima, sai na ga ta nufi inuwar bango. Ta ɗan jima, ta nufi tanki. Daga nan ta juyo, ta zo tsakiyar haraba daidai, ta ja birki, ta naɗe hannu. Rana kuwa ta take.

Na je da ƙararrawata a hannu. Na ce, "Jummai, lafiya? Wane rukuni kike?"

Ta ce, "Anti, nan aka turo ni."

"Wa ya turo ki nan?"

"Dukansu."

Kuma ba wanda ya yi mata wulaƙanci, ku fahimta. Shugaban matasa ya saurare ta da kyau ya ce ajin mata ai maganar mata ce, ta ga Hajiya. Hajiya Rabi ta dafa kafaɗarta ta ce, "'Yata, maganar matakala ta su Malam Garba ce, su suka san kanta." Malam Garba ya ce, "Mu ai mun samu gangare. Abin da ke sama kuwa hurumin mata ne, ba ma shiga." Kowa ya faɗi gaskiya daidai iyakar takardarsa.

Ni a lokacin tunanina shi ne yadda zan lallaɓa ta ta koma inuwa, don lokaci na tafiya kuma rukuni uku na tsara. Sai na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Baba Ishaya ne, sanda a hannu ɗaya, yana jan kujerar aro da ɗayan. Ya ja ta har tsakiyar rana, ya ajiye kusa da Jummai, ya zauna, ya share gumi. Ya ce, "'Yata, ni ma nan rukunina yake. Faɗa mini." Sannan ya ɗago ya ce, "Asabe, takarda."

Ga wani abu da ba a rubuta a littafin koyarwa ba: inda babba ya zauna, nan taro yake. Ba a kaɗa ƙararrawa ba, ba a kira kowa ba. Matasa suka fara leƙe, suka taso da kujerunsu. Mata suka biyo. Malam Garba ya zo ƙarshe yana gunaguni a kan zafi. Jummai ta maimaita maganarta a gaban kowa, ba kuka, ba ƙari. Da ta gama, kowa ya gane nasararsa tana cikin abin da ya tare ta.

Shugaban matasa ne ya fara farfaɗowa. Ya ce abu mai sauƙi, a yi musaya: mata su sauko, maza su hau. Malam Garba ya buga hannun kekensa.

"Su hau da me? Yarana da ke gyaran waya fa? Shekara nawa muka yi muna neman gangaren nan, yau a ce mu kalle shi daga ƙasa? Kuma injin walda kai za ka goya shi?"

Wani ya ce to a raba ajin ƙasa biyu da katako. Hajiya Rabi ta gyara mayafi.

"Ku raba. Wallahi kafin sati ya zagayo ba za ku ga yarinya ko ɗaya ba. Ni na bi gida-gida na yi wa iyayensu alkawari. Don a taimaki ɗaya ba za a kori sauran ba."

Wani yaro mai ilimi ya ce a sa na'urar hawa bene. Aka dubi janareton da ke ƙarƙashin buhu, aka bar maganar. Wata ta ce a rubuta wa ma'aikata. Jummai ta ce, "Ƙarshen wata Yaya Sani zai tafi." Wani kuma ya ce a sauko mata da kekenta na ɗinki, ta riƙa aiki ita kaɗai a wani lungu, malama ta riƙa leƙo ta. Wannan ta sami karɓuwa, har an fara gyaɗa kai. Jummai ta ce, "Ɗinki ni kaɗai ai ina yi a gida. Aji nake so."

Kai, ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Hajiya Rabi da Malam Garba, mutanen da suka sha tsayawa kafaɗa da kafaɗa a ofisoshi, suna nuna wa juna yatsa. Kuma kowannensu yana kare mutanen da in bai kare su ba, ba mai yi. Doguwar kalmar Turancin nan da kuka koyo a jami'a, wadda ke cewa mutum ɗaya yakan tsaya a mahaɗar matsaloli da yawa, daidai take, ban ƙi ta ba, na ma je an koya mini ita a otal. Amma ranar ba a allo take ba. Tana zaune a rana, ta ja birki.

Baba Ishaya ya bari suka gaji. Sannan ya tambayi manajan cibiya, a hankali, ɗaki nawa ne a ƙasa. Manaja ya ce ajin maza, sai sito, wanda ko akuya ba za ta juya a ciki ba, sai ofishin ƙungiya.

Na gane inda ya dosa. Na yi ta neman idonsa, ya ƙi kallona. Na matsa kusa na rage murya.

"Baba, gwiwarka."

"Tana nan, Asabe."

"Ba za ka iya hawa ba."

Ya ce, "Ni na gama koyon sana'ata. Ita ba ta gama ba." Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ɗakinmu yana da ƙofar baya, ba ya haɗa hanya da samari. Ajin mata gaba ɗaya ya sauko can, mu mu hau. Hajiya, je ki duba. Malam Garba, kai ma."

Kada ku ɗauka daga nan aka yi tafi aka watse. Aikin yanzu ya fara. Hajiya Rabi ta shiga ɗakin kamar mai duba gidan amarya. Tagar tana kallon wajen walda, ta ce sai labule mai kauri, kuma sai an kafa shingen kwano daga waje. Malam Garba ya gwada ƙofar baya da kekensa, ya maƙale tsaf, ba gaba ba baya, sai da aka ja shi. Ya ce, "Kun gani? Da kun yi biki tukuna." Yaransa masu walda ne suka cire ƙyauren suka faɗaɗa shi, suka zuba ɗan gangare a lungu da ragowar siminti. Aka duba banɗaki, shi ma da nasa labarin. Manaja ya amince da komai tun da ba a nemi ko sisi a wajensa ba, kuma akwai hoto.

Ranar kwashe kaya, matasa suka yi ta sauko da kekunan ɗinki suna hawa da kabad-kabad ɗinmu. Biyu daga cikinsu suka ɗaga kujerar Baba mai hannu za su hau da ita. Ya ce, "A'a, ku bar wannan a ƙasa." Suka ce, "Baba, a kan me za ka zauna a sama?" Ya ce, "Ku dai bar ta." Na juya na ci gaba da naɗe takardu.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne babba: baban Jummai. Malam Sule, tsohon direban ma'aikata ne, mutum mai ƙarancin magana. In bai yarda ba, duk wahalar nan a banza. Irin wannan ba a tura matashi, ba a kuma buga waya. Ni da Hajiya Rabi muka je gida muka gaishe shi, muka ce ba mun zo roƙo ba ne, mun zo ya zo ya gani da idonsa. Ya ce Allah ya kai mu. Kwana ya yi ta tafiya, Sani har ya fara haɗa jaka, ba Malam Sule ba labarinsa. Ni kam na fara cire rai.

Sai ga shi wata safiya, ba sanarwa. Ya shigo ta lungu. Ya taka gangaren, ya buga shi da ƙafa. Ya shiga ɗakin, ya ja labule, ya sake shi. Ya fita ya ƙwanƙwasa kwanon. Muna biye da shi kamar masu jiran sakamakon asibiti. Ya dawo bakin ƙofa ya tsaya yana kallon lungun, sama da ƙasa.

Ya ce, "Can sama, ba mai hawa ba a gan shi ba. Nan kuwa ƙofa ce a kan hanya. Kowane ɗan iska zai iya leƙowa. Wa ke lura da ita?"

Ba wanda ya yi tunanin wannan. Maigadin cibiya ɗaya ne, a ƙofar gaba yake.

Baba Ishaya yana zaune a barandar lungun, a kan kujerarsa mai hannu, inda aka ajiye ta tun ranar kwashe kaya. Ya ɗaga sandarsa kaɗan.

Ya ce, "Ni."

Malam Sule ya dube shi daga furfura har takalmi. Ya san ko wane ne, duk unguwar an san shi. Ya ce, "Kullum, Malam?"

"Ban da Lahadi. Lahadi kuma ba aji."

Malam Sule ya juya ya dubi ƙofar. Can ya ce, "Ƙofar tana son sakata ta ciki." Ya miƙa wa Baba hannu, suka gaisa, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Hajiya Rabi ta ce da ni, "Me ke nan?" Na ce, "Hajiya, a sayo sakata."

Sani ya tafi Fatakwal ranar Asabar. Ranar Litinin Jummai ta shigo ta lungu ita kaɗai, ta gaida Baba, ta hau gangare, ta shige aji. Ba a yi biki ba, shekarar ba shinkafa.

Baba Ishaya bai taɓa hawa benen nan ba, ko sau ɗaya. Mutumin da ya kafa ƙungiya, ya koya wa rabin masu shirya taron garin nan aiki, ya ƙare a bakin ƙofar ajin ɗinki da sanda da rediyo. In akwai takardar sa hannu, mu sauko masa da ita. Baƙi kan zo su same shi su ce, "Baba maigadi, ina oga?" Sai ya nuna musu sama, su hauro wajena. Wani babban baƙo har ya ba shi na goro. Ya karɓa ya yi godiya, ya saya wa 'yan aji allura. Wannan abu ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, kuma har yau yana yi. Na gaya masa sau ɗaya. Ya ce in je in duba ko baƙar makar ta bushe.

Ya zauna a wurin har Jummai ta gama, ya zauna wa waɗanda suka biyo bayanta, har ciwo ya kwantar da shi. Da ya rasu, aka kai shi garinsu. Malam Sule yana cikin motar da ta raka shi.

Har yanzu muna raba rukuni, don dabarar ba ta lalace ba. Sai dai kafin a kaɗa ƙararrawa, ana kafa rumfa a tsakiya, a jera kujeru, a ajiye takarda da maka. Ban taɓa ganin ta zauna ba kowa ba. An samu yarinya kurma, an samu mai goyo da ba ta kai ashirin ba, wadda matasa ke ce wa Mama, mata ke ce wa yarinya. In an ba ku taro, aikinku na farko ke nan: rumfar tsakiya.

Game da tambayarku kuwa, e, ofis a sama aibi ne, ban ce ba aibi ba ne. Malam Garba yana tuna mini duk haɗuwarmu. In kun isa, ku samo mana ɗaki a ƙasa, ni ma gwiwata ta fara magana. Kafin nan, nan wajen ajiyar kaya ne da hira. Ba a taro a nan.

Yanzu kowa ya ɗauki kujerarsa, kai kuma ɗauko kwalin nan. Malama Jummai ce ke koyar da ajin yanzu, tana cikin kwamitinmu, kuma duk sabon ɗan sa-kai sai ta gan shi kafin mu ba shi riga. Ta ce ku same ta in an tashi 'yan aji, kuma ba ta son jira. Ku zagaya ta lungu. A baranda za ku ga wata tsohuwar kujerar katako mai hannu. Ko kun gaji, kada wanda ya zauna a kanta. Ba ta bari.